Kayan da ba Allah ne ya ɗora mini ba

'Yan'uwa ɗalibai, na nan Jami'ar Maiduguri da na sauran makarantun Arewa. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Mai ƙarancin data ya ajiye shi sai dare.

Akwai wani irin ɗalibi da kowa ya sani a makarantun nan namu. Ba ya roƙo, ba ya cin bashi, ba a ganin hawayensa. In ka ce masa ya gari, sai ya ce lafiya lau, ko da kwana biyu ke nan rabonsa da abinci mai zafi. Shi ke biya wa kansa kuɗin makaranta, shi ke tura wa gida ɗan na cefane, shi ke ba abokai shawara, amma ba mai sanin inda nasa ɗakin ke yoyo. Muna yaba masa, mu ce wane namijin duniya ne, wance jaruma ce. Ni na yi shekara goma cif sanye da wannan riga, daga 2014 zuwa 2024, kuma da masu irinta nake son yin magana yau.

Bari in fara da inda muka samo ta, don ba daga sama ta faɗo ba.

Ni ɗan kudancin Borno ne. A cikin EYN na tashi, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara a Garkida a 1923. Duk wanda ya fito daga yankinmu ya san abin da 2014 take nufi. A watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ne. A Agusta Gwoza ta faɗi. A ƙarshen Oktoba Mubi ta bi baya, har da hedkwatar EYN da ke Kwarhi. Ina da shekara 13 muka bar ƙauyenmu a ƙafa, ina goye da ƙanina, Mama na ɗauke da ƙunshin da ta iya tattarawa, har muka dangana da Yola. Bayan shekara biyu hawan jini ya ɗauke Baba. A wajen jana'iza kawunnaina suka dafa kafaɗata ɗaya bayan ɗaya suna cewa yanzu kai ne uban gida. Shekarata 15.

Yaron da ya ga haka darasi ɗaya yake ɗauka: duk abin da ka jingina da shi yana iya zamewa. Gida ya zame, gona ta zame, ginin majami'a ya zama toka, uba ma ya tafi. Abin da ya rage maka hannuwanka biyu ne da kanka. Har gobe ban raina wannan darasi ba. Shi ya sa na ƙare sakandare ina dako a kasuwa bayan an tashi, shi ya kawo ni jami'a.

Garin da muka zo karatun ma halinsa ke nan. Jami'ar nan da aka kafa a 1975 ta ga abin da jami'o'i kaɗan suka gani. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallaci cikin makaranta, Farfesa Aliyu Mani na cikin waɗanda suka rasu. A shekarar aka haƙa rami aka kewaye makarantar. A watan Yuli aka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna wajen Magumeri, aka tafi da ma'aikatan jami'a uku, sai Fabrairun 2018 suka dawo. Aka ci gaba da lakca. Tun 2011 aka hana babur a gari, mutane suka koma Keke Napep. A 2021 aka kakkarya turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu, gari ya yi wata da watanni cikin duhu, mutane suka koma janareta da sola. Ɗan Maiduguri ba ya tsayawa kuka, dabara yake nema. Na zo da taurin kaina na tarar da gari mai taurin kai, muka dace.

Duhun 2021 shi ya zame mini jari. Na sayi ƙaramin janareta na hannu na fara cajin waya. Da ASUU ta tafi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, wata takwas, ban koma gida ba, na yi leburanci a wajen gini na tara kuɗi. Farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya na ƙara da POS. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na lallaɓa na haɗa sola da batir. Kafin damunar 2024 ina da ɗan shago na haya a ɓangaren Gwange, da caja da iyafis da fawa banki a jere, ina biyan kuɗin makarantata da na ƙanwata. Ko sisin kwabo ban taɓa tambayar kowa ba.

To ina Allah a cikin duk wannan? Kada ku ɗauka na bar coci. Ranar Lahadi ina sahun gaba. Ina zuwa zumuntar ɗalibai ta FCS, ina cikin mawaƙa, ina fitar da zakkata. Sai dai kun san yadda muke yi da takardar rijistar kwasa-kwasai? Kai ne za ka zauna ka zaɓi komai, ka cika, ka buga, sannan ka kai wa malami ya sa hannu kawai. Haka addu'ata take. Zan tsara zangon karatu gaba ɗaya har zuwa naira ta ƙarshe, sannan in durƙusa in ce Ubangiji ga shi, ka sa albarka. Yaron da ya ga komai ya zame masa ba ya saurin sakin sitiyari, ko da Allah ne ya miƙo hannu.

Akwai wata al'ada a ikilisiyarmu da take tona irin wannan hali. Lokacin cin Jibin Ubangiji muna wanke wa juna ƙafa, maza daban, mata daban, da kwano da tawul, don tunawa da abin da Yesu ya yi wa almajiransa a daren da aka bashe shi, kamar yadda yake a Yohanna sura 13. Wanke ƙafar wani bai taɓa yi mini wuya ba. Zan durƙusa in wanke ta dattijo, ta yaro, ta kowa, da murna. Amma in layi ya zo kaina, in zauna a benci in miƙa ƙafata mai kaushi wani babba ya durƙusa a gabana, sai in ji duk jikina ya ɗaure. A labarin ma ai Bitrus ne ya fara ƙi. Shi da ya fi kowa zafin hidima, shi ne ya ce ba za a taɓa ƙafarsa ba, har sai da Yesu ya nuna masa cewa in bai yarda an wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Na sha jin wa'azin wannan wuri, a kan tawali'un mai wankewa ake yawan tsayawa. Wanda ake wanke wa ma akwai tawali'un da ake nema a wajensa, kuma ga irinmu shi ne mai tsada.

Rigar kuma tana da kuɗin haya, kullum ana biya. Barcina bai wuce awa huɗu ba, in na kwanta lissafi ne ke yawo a kaina. Tsarin cin abincina 0-1-0, har olsa ta kama ni ina aji biyu. Ina da lambobi cike da waya, amma babu mutum ɗaya da ya san ainihin halin da nake ciki. In Mama ta kira, amsa ɗaya ce: komai lafiya, kada ki damu.

Daren Litinin 9 ga Satumban 2024, wayewar Talata 10 ga wata, madatsar ruwan Alau ta ɓalle. Kun san labarin, da yawanku ma kun fi ni jin jiki. Kogin Ngadda ya shigo gari mutane na barci. Gwange, Kasuwar Monday, Kwastam, fadar Shehu, Asibitin Koyarwa, duk ruwa. Dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi wasu suka mutu, wasu ruwa ya fito da su cikin unguwa. Gadoji suka nutse, gari ya rabu biyu. Dattawa suka ce rabon da a ga irin wannan tun 1994. Fiye da mutum 400,000 suka bar gidajensu, har aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021. An rasa rayuka, Allah ya ta'azantar da iyalansu. Abin da ya same ni ƙarami ne in aka gwada da nasu.

Ɗakin da muke haya kusa da makaranta ruwa bai kai shi ba. Sai bayan kusan mako na samu ƙetarawa zuwa shago. Na buɗe ƙofa, laka ce ta tarbe ni. Batir, janareta, na'urar POS, kayan da na zuba kuɗin rijistar zango mai zuwa na saro, duk sun tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai wayoyin mutane ne guda 11 da aka bar mini su kwana a caji. Amana ce.

Na dawo ɗaki na ɗauko littafin lissafina kamar yadda na saba. Kwana huɗu ina juya alƙaluma. In na biya wayoyi babu rijista. In na yi rijista ƙanwata ta zauna a gida. In na bar karatu na koma leburanci, shekara uku sun tafi a banza. Karo na farko cikin shekara goma na duba gabas na duba yamma ban ga dabara ba.

Abokin ɗakina Musulmi ne, ɗan Potiskum, tun aji ɗaya muke tare. Shi ya lura tukunyata ba ta hau risho ba tun da na dawo daga Gwange. Ya dafa garau-garau ya ajiye mini faranti a gaba. Na ce masa na ƙoshi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Mutumina, shekara uku kana ba ni ina karɓa. In ka ƙi cin wannan, to ka nuna mini ashe ba abota muke ba, sadaka kake yi mini." Na ja farantin. Ina ci hawaye na sauka a cikin shinkafar, shi kuwa ya juya ya ɗauki wayarsa kamar bai gani ba. Allah ya saka masa da alheri har a kan wannan juyawar.

A daren na fita waje na zauna a kan bulo. Ba wuta, sauro kamar ya ɗauke mutum. Ban ga wahayi ba, ban ji wata murya ba. Abin da ya faru shi ne na buɗe baki zan yi addu'a na tarar ba ni da takardar da zan kawo a sa hannu. Sai na faɗi abin da ke akwai. Na ce Ubangiji Yesu, na gaji. Na ce tun ina shekara 13 nake riƙe da gidanmu da hannu biyu, ina tsoron in na saki komai zai watse. Na ce karatun nan, da Mama, da ƙannena, da sunana a idon masu wayoyin nan, da ni kaina, ga mu, naka ne. In ka ce in ƙare digiri, to. In wata hanya ka shirya, zan bi, ka dai riƙe ni. An yi mini baftisma tun ina sakandare, kuma da gaske na yi ta. Amma a kan bulon nan ne na miƙa makullin. Na shiga ɗaki na yi barci har rana ta fito.

Da safe bashi na nan, laka na nan. Abin da ya sauya shi ne na daina jin cewa asirina a hannuna yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na fara da Mama. Na gaya mata komai, har da olsa. Ta yi shiru, sannan ta ce ai ta daɗe da sani, muryata ke gaya mata. Ta ce tun ranar da muka bar ƙauye, kowace asuba sai ta kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya ta miƙa mu ga Allah. Sai ta ce, "Ɗana, kawunnanka ne suka naɗa ka uban gida, ni ban naɗa ka ba. Gidan nan yana da Uba." Shekara takwas ina ɗauke da wannan rawani, ashe mai gidan ma ba ta san da naɗin ba.

Ranar zumunta da aka ce mai buƙatar addu'a ya tashi, na tashi, ƙafata na rawa. Na zaci za a dube ni da tausayi irin wanda ke ƙasƙantar da mutum. Bayan na zauna mutum huɗu suka tashi, kowa da irin nasa, wasu ma da nake ganin sun fi ni rufin asiri. Ashe duk jiran juna muke. Zumuntar mata ta ikilisiyarmu, iyayen da su ma wasunsu ruwa ya ci musu ɗaki, suka haɗa mini masara da ɗan kuɗi. Wata mama da ke soya ƙosai ta kwance bakin zaninta ta ba ni abin da ke ciki. Na so in ce a'a, na tuna Bitrus, na sa hannu biyu na karɓa.

Na cika takardar rancen ɗalibai na NELFUND, wanda tun da aka buɗe shi a Mayun 2024 nake wuce shi don kalmar bashi kaɗai tana tayar mini da hankali. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Wanda ya cancanta bai nema ba don jin kai, ya sake tunani.

Masu wayoyi kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce ruwan da ya ci musu gida ai ba za su riƙe ni a kan waya ba. Wasu suka ce sai na biya, kuma haƙƙinsu ne. Muka yi yarjejeniya, ina biya kaɗan-kaɗan, saura mutum biyu. Yanzu tebur nake da shi a gindin dogonyaro maimakon shago.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasa: ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Gaskiya ne, kuma ban kwanta ba. Ƙarfe biyar nake tashi har yanzu, ina zuwa laburaren Ramat, ina zaman tebur da yamma, littafin lissafina na nan. Bambancin shi ne da can aikin nawa ne, sakamakon ma nawa ne, shi ya sa duk abin da ya taɓa shi kamar raina ya taɓa. Yanzu nakan yi iyakar ƙoƙarina da rana, da dare in mayar wa Mai shi. Manomin garinmu yana yin huɗa, ya yi shuka, ya yi noma, amma bai taɓa hana kansa barci wai don ya saukar da ruwan sama ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ciniki ne, ka miƙa kanka a ba ka kwanciyar hankali da maki mai kyau. Mu 'yan wannan yanki mun san ba haka ba ne. A Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na Michika. A bidiyon da aka saki ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin duk halin da mutum ya samu kansa a hannun Allah yake. Ba a sake shi ba, kashe shi aka yi. A watan ne kuma aka kashe wani ɗalibin jami'armu ɗan jihar Filato da aka tare a hanyarsa ta dawowa makaranta. Wanda ya miƙa rayuwarsa ga Kristi ba a ba shi takardar cewa ruwa ba zai shiga shagonsa ba. Abin da aka ba shi shi ne ya san na wane ne shi, ko ruwan ya shigo ko bai shigo ba. Ni da wannan sanin nake barci yanzu.

'Yan'uwana Musulmi da ke karanta wannan, na san batun ba baƙo ba ne a wajenku. Kuna da tawakkali, sunan addininku ma miƙa wuya yake nufi. Mun bambanta a kan ko wane ne Yesu, ni na gaskata shi ne Mai Cetona, kuma ba zan ɓoye ba. Amma ciwon "ni zan iya da kaina" bai san masallaci ko coci ba. Na gan shi a ɗakunan kwananmu a jikin kowa, musamman 'ya'yan fari, da marayu, da waɗanda suka taso a sansani. Ban kuma manta cewa ranar da Allah ya tashi karya taurin kaina, da farantin ɗan Potiskum ya fara ba.

In kai ne mai wannan riga, ko ke ce, ban ce ka jefar da ƙwazonka ba, Allah ne ya ba ka shi. Ka dai duba kayan da ke kanka ka ware wanda shi ya ɗora maka da wanda tsoro ya ɗora. Kada ka jira sai madatsa ta ɓalle. Yau da dare ka yi addu'a ba tare da tsarin da ka gama shiryawa ba. Gobe ka samu mutum ɗaya, fasto ne, malami ne, uwa ce, aboki ne, ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki.

In kuma kana zaune ɗaki ɗaya da irin wannan mutum, kada ka tsaya tambayarsa ko yana lafiya, amsar a shirye take. Ka duba tukunyarsa.

Jarrabawa ta ƙarato. Ina aji na ƙarshe, furojet ɗina ya kai babi na uku, ƙanwata tana makaranta. Ku sa ni a addu'a, ni ma kuna cikin tawa. Ubangiji ya ba mu sa'a, ya kiyaye masu bin hanyar Damaturu da ta Biu, ya kawo mana dawwamammen zaman lafiya a Borno da Arewa baki ɗaya. Amin.